Muna biyan kuɗin kwashe shara, amma a kwari take ƙarewa. Ina mafita?

Ma'ajin Layi:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga wanda ya taɓa haɗa irin wannan tsari a unguwarsu kuma ya ɗore.

Ni tela ne a Gombe, wajen Pantami, kuma ni aka ɗora wa riƙon kuɗin ƙungiyar layinmu. Gidaje sittin da 'yan kai ne, fiye da rabi na haya. Bara bayan babbar sallah muka zauna da mai unguwa, aka yanke kowane gida zai riƙa ba da naira 200 a sati. Muka sayi kura biyu, muka ɗauki samari biyu suna bi gida-gida Litinin da Alhamis. Layi kam ya yi fes, ba mai musu. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin juyewa. Matattarar shara mafi kusa da mu sai an tsallaka kwalta an hau tudu, kuma duk wanda ya taɓa tura kura cike da yashi a hawa ya san ba abin da za a yi ta maimaitawa ba ne cikin ranar Gombe. To sai yaran su gangara bayan layi su juye a kwari. Kuɗi muke biya a ɗauke shara daga ƙofarmu a kai wa mutanen da ke ƙasa da mu.

Don wanda bai san garin ba: Gombe a cikin gangare take zaune, ƙasar yashi ce, ruwan sama kuma daga tudun yamma wajen Tumfure yake saukowa da ƙarfi ya ratsa unguwanni. Akwai dattawanmu da suka dage cewa shara tana cike kwari, tana hana shi cin gidaje. Ni ban yarda ba. Ruwan farko ne yake kwashe ta gaba ɗaya ya kai bakin kwalbati ya toshe, ruwan ya rasa hanya ya koma yana cin gefe. Wanda ya ga ambaliyar 2004 a garin nan ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Kwanaki na sa yaran suka juye kura ɗaya a kan tamfol a ƙofar shagona, na sa sanda na tona don in san me muke biyan kuɗi a ɗauka. Mafi yawan nauyin yashin tsakar gida ne da toka da kashin awaki, sai ganyen darbejiya, ɓawon albasa, totuwar masara. Ragowar abinci kaɗan ne ƙwarai, almajirai da dabbobi sun riga sun raba. Gorar ruwa ko ɗaya babu, yara sun tsince tun a gida. Abin da ya cika ido shi ne baƙar leda da ledar fiya wota da fanfas, sai batiran tocila da suka fara zubar da wani farin gari, da fasasshen kofin tangaran. Idan aka cire ledar da fanfas ɗin, wallahi abin da ya rage ƙasa ce kawai mai kyau.

Tambayata biyu ce. Shin manoma za su karɓi wannan, har su biya? Sannan ragowar da ba mai so, ya za mu yi da ita? Wani ya ce mu riƙa ɗauko tifa duk wata, amma kuɗin da direba ya yanka mana ya kusa cinye duk abin da muke tarawa, ga albashin yara. Wani ya ce a haƙa rami a riƙa cinna wuta. Damina kuma ba jiran mu za ta yi ba.

Manomin Kwadon:

Wa alaikumus salam, Malam Tela. Abin da ka gani a kan tamfol ɗin nan mu kuɗi muke sawa mu saya, kuma ba yau aka fara ba. A Kano tun zamanin kakanni jakai ke shiga birni da itace su fito da taki a mangala, shi ya sa ake noma gonakin kewayen birnin shekara da shekaru ba a hutar da su.

Amma bari in gaya maka abin da ya ɓata cinikin. Da rani, daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu, direbobin tifa suna kwaso tsohon juji daga cikin gari su kawo mana gona. A da ka baza kawai ka jira ruwa. Yanzu sai ka ɗauki yara su wuni suna tsintar leda, kuma ba ta tsintuwa duka. Wadda ta nutse garma ce take tono ta shekara bayan shekara, saiwar masara ta ci karo da ita ta lanƙwashe. Wadda ke sama iska ta kai ta gonar maƙwabci, shanu su bi bayan girbi su haɗiye. Maƙwabcina yana da bijimin huɗa da ya yi ta ramewa, ciki a kumbure, ya daina tuƙa, an yi allura an yi jiƙo ba sauƙi. Da aka yanka, mahauci ya ciro dunƙulen leda da igiyar buhu daga tumbinsa, baƙi ƙirin, a murɗe tamau, sai da ya sa hannu biyu ya ɗaga. Tun daga ranar idan tifa ta zo sai na hau na sa shebur na duba kafin a juye.

Saboda haka idan kuna da shara marar leda, marar kwalba, marar batir, kuna da kaya. Sai dai kada ku kawo ta ɗanya. Sabuwar shara tana ƙona shuka, tana jawo gara, kuma irin ciyawa yana nan da ransa a cikin kashin awakin. Ku samu fili ku yi tsibi: busasshen ganye ko kara a ƙasa, kashin dabbobi da ɓawon kayan miya a kai, a yayyafa ruwa, a sake jerawa haka har ya kai ƙugu. Danshin da ake so shi ne ka damƙa a hannu ya dunƙule amma ruwa bai ɗiga ba. Bayan 'yan kwanaki ka soka ƙarfe a tsakiya ka zaro, idan ya yi zafin da ba ka iya riƙewa to aiki yana tafiya, zafin nan ne ke kashe irin ciyawa da ƙwan tsutsa. Duk sati biyu a juya. Wata biyu zuwa uku ya zama baƙi, warin ya tafi. Toka ku tara ta daban, a zuba kaɗan-kaɗan, don idan ta yi yawa a kan kashin dabbobi tana korar ƙarfinsa ya bi iska, za ka ji wari mai hawa hanci.

Kada kuma wani ya ruɗe ku cewa zai maye takin zamani. Yuriya kashi 46 cikin 100 nata sinadarin da ke sa ganye ya yi kore ne, takin gida da ƙyar yake kai kashi 2. Amfaninsa a ƙasarmu ta yashi shi ne riƙe danshi, da sa buhun da ka saya da tsada ya zauna a gindin shuka maimakon ruwa ya wanke shi. Ba za ku yi arziki da shi ba. Abin da za ku samu shi ne manomi ya zo da motarsa ya biya lodi da kansa, ya ɗan ajiye muku wani abu. Kuma ku sani daga ruwa ya sauka ba mai zuwa sai wata rani, dole ku sami inda zai zauna.

Adda Mai Awara:

Duk na ji, kuma da gaskiyarku. Amma Hamma Tela, da kuka zauna da mai unguwa, mace nawa ce a wurin? Don rarraba sharar nan da ake ta faɗa ba a ƙofar shago za a yi ta ba, a tsakar gida ce, kuma mu da 'yan matanmu ne masu tsintsiya.

Ni gidan haya nake a Jekadafari, ɗaki takwas tsakar gida ɗaya. Ina za a jera bokiti uku na rarraba shara? Ko ɗayan da muke da shi akuyar mai gida kullum sai ta kifar. Abin da zai yiwu shi ne buhu: a rataya tsohon buhun shinkafa a ƙusa jikin katanga, duk wata leda a cusa a ciki, bokiti kuma a bar wa shara da toka. Wannan ko yarinya 'yar shekara bakwai za ta iya. Ni da ma ledar fiya wota ba na zubarwa, da ita nake haɗa wutar gawayi da safe, na san ba kyau, hayaƙin har maƙogwaro, amma kalanzir nawa ne yanzu?

Sai maganar da maza ba sa son a yi. Fanfas da audugar mata ba wadda za ta miƙa wa saurayin layinsu a buɗe ya tona da sanda. Kunya ce, sannan da yawa suna tsoron kada a ɗauka a yi musu wani abin da shi. Shi ya sa ake ƙullewa a baƙar leda a cusa can ƙasan bokiti, ko a ba yaro ya jefa kwari bayan isha'i, wasu kuma su jefa masai har ta cika kafin lokacinta. Idan tsarinku bai ware wa wannan wuri mai murfi ba, wanda ba mai buɗewa, to zai ci gaba da shiga takin Baba na Kwadon ko kun ƙi ko kun so.

Ɗan Jari Bola:

Oga Tela, raba ledar gida biyu kafin ka kira ta ragowar da ba mai so. Ta fiya wota kuɗi ce idan busasshiya ce ba yashi, ana auna ta a kilo, ana narkawa. Baƙar leda da ledar biskit da ta taliyar yara mai ƙyalli a ciki, waɗannan ko kyauta ba na karɓa, ba inda zan kai.

Abin da muke saya: ƙarfe, alminiyom, jan ƙarfe, fasasshen bokiti da kujerar roba, silifas, kwali, gorar ruwa. Roba mai tauri ana niƙa ta a buhunta a yi Kano da ita, kamfanonin Sharaɗa da Chalawa. Gora kuwa idan lafiyayya ce da murfinta, ku sayar wa masu kunu da zoɓo, sun fi mu biya, don a sikeli iska ce kawai, buhu guda ba ya wani nauyi.

Shawarata kada ƙungiya ta sa ido a kuɗin nan. Ku bar wa yaran kura, ya zama nasu. Yaron da ya san buhun fiya wota nasa ne, shi da kansa zai yi faɗa da gidan da ya haɗa masa da ruwan wanke-wanke. Batir kuma ku sa a galan daban, kada ya shiga wuta kada ya shiga taki.

Kuma don Allah a daina yi mana kuɗin goro. Akwai ɓata-gari masu cire murfin kwalbati da wayar wuta, mun sani, mu ma suna jawo mana kame. Amma ku lissafa abin da zai taru a garin nan idan muka zauna a gida wata ɗaya.

Tsohon Duba-gari, Bauchi:

Malam Ma'aji, Allah Ya saka da alheri, kun yi abin da unguwanni da yawa ba su yi ba. Na yi aikin duba-gari har na yi ritaya, ina cikin waɗanda suka riƙa bi gida-gida lokacin yaƙi da rashin ɗa'a na 1984, wanda daga shi muka gaji tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata. Abin da na gani tun lokacin bai sauya ba: fito da shara daga gida abu ne mai sauƙi, ɗauke ta daga unguwa shi ne mai cin kuɗi. Mutane su yashe lambatu su tara a bakin titi, mota ba ta zo ba, ruwa ya mayar da ita inda aka ciro ta. Kuɗin shara kusan duk a man gas da taya da gyaran mota yake tafiya. To mene ne hikimar ƙona man gas don a kai yashin tsakar gida bayan gari?

Ba mu kaɗai ba ne. Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya ce duniya na fitar da shara tan biliyan 2 da ɗoriya a shekara, kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi fiye da kashi 90 cikin 100 a fili ake jibge ta ko a ƙona. Ya kuma nuna fiye da rabin sharar irin ƙasashenmu mai ruɓewa ce. Wannan ne ya sa injinan da aka ƙera don sharar Turai, wadda takarda da roba suka yi wa yawa, suke wahala a nan. Motar da ke matse shara an yi ta ne don kaya mai iska a ciki, yashi da toka ba sa matsuwa, sai dai su cinye mata ƙarfe.

Misalin da nake yawan ba yara shi ne Alƙahira. Can akwai mutanen da ake kira Zabbalin, su ke bi gida-gida shekaru da dama, su kai unguwarsu su rarraba, su sayar da abin sayarwa, ragowar abinci su ba aladunsu. A 2003 hukuma ta ba kamfanonin ƙasashen waje kwangila, aka ajiye manyan kwantena a titi, mutanen da suka saba a zo ƙofarsu ba su saba da saukowa ba. A 2009 kuma aka kashe aladun saboda tsoron murar aladu, sai ragowar abinci ta taru a tituna. Mu nan awakinmu da kajinmu da manomanmu da su Ɗan Jari Bola ke yin wannan aikin, ba tare da an rubuta su a kasafin kowa ba.

Ramin wuta kuwa ban ba ku shawara ba. Wutar juji ba ta da zafin da zai cinye roba sarai, cin ciki take tana hayaƙi kwana da kwanaki, kuma robar fayif da ta wayar wuta suna fitar da guba mai zama a toka da ƙasa. Masu asma da jarirai ne ke fara biya. Tsibin shara a bakin gangare kuma yana zaftarewa. A Maris 2017 jujin Koshe a Adis Ababa ya rufta kan gidaje, mutum fiye da 100 suka rasu.

Ga abin da zan yi da ni ne. Ragowar da ta rage bayan taki da kayan sikeli ba ta da nauyi, kura ɗaya za ta hau tudun nan da ita ba wahala. Ku rubuta takarda da sa hannun mai unguwa da hakimi zuwa hukumar tsaftar muhalli, kada ku roƙi a kwashe muku shara gaba ɗaya, kowa abin da yake roƙo ke nan. Ku ce mun rage tamu, ga ranar da za mu kawo ragowar matattara. Ku canza wa yaran biya kuma: rabi a kan kwashewa, rabi sai an ga kura ta isa inda aka ce.

Ɗalibi Mai Neman Sani:

Baba, ni a ganina duk wannan kewaye ne. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi a 2017, Legas ta hana robar zuba abinci ta soso a Janairun 2024. Me zai hana jihohinmu su hana kawai a huta?

Adda Mai Awara:

Ɗana, baƙar leda a hana, ba zan yi kuka ba, da kwano da ganye muka taso ana sayen ƙosai. Amma ledar fiya wota ruwan sha ce a cikinta. Ka fara kawo mana famfo mai zuwa kullum tukuna.

Ma'ajin Layi:

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Adda, amsar tambayarki ita ce ko mace ɗaya babu a zaman, kuma na isar wa mai unguwa. Uwargidansa tana da islamiyyar matan aure ranar Asabar, ta ce a kawo maganar buhun can. Na yanke tsofaffin buhuna na ɗinka musu baki da maratayi, wannan kam sana'ata ce, ba sai an taɓa kuɗin ƙungiya ba. Durom mai murfi da kwaɗo na fanfas shi ne za mu saya.

Baba Duba-gari, rabin biya a matattara ya yi mini, sai dai yaran sun ce wa zai shaida sun isa? Akwai mai shayi a wurin, muna tunanin ba shi littafi ya riƙa sa hannu, a ɗan ba shi na goro.

Fili ne ya rage. Akwai kangon wani bawan Allah da ke zaune a Abuja, an kewaye da katanga ba a yi gini ba, ɗan'uwansa ya ce zai tambaye shi. Sai dai katangarsa ɗaya da gidan da ke da rijiya, kuma rabin layin a nan muke ɗiban ruwa. Baba na Kwadon, hakan zai yi?

Manomin Kwadon:

Kada ku jingina shi da wannan katangar. Ku kai shi can ɗaya kusurwar, nesa da rijiyar iyakar yadda filin ya ba ku, a kan tudu ba inda ruwa ke kwanciya ba, ku yi masa 'yar kunya a kewaye don ruwan da ya tsatso kada ya gangara. Da damina a rufe da tsohuwar tabarma ko zana, in ba haka ba ruwa zai wanke amfanin ya bar muku wari. Idan kangon ƙarami ne har ba tazara, ku haƙura ku nemi wani.

Busasshen ganye zai yanke muku wajen Yuli. Masu injin casar shinkafa suna da buntu jibge, wani lokaci roƙo suke a kwashe, ku tanadi buhu biyar ko shida tun yanzu. Idan ya nuna ku yi magana a nan, zan shigo da ƙanena mai a-kori-kura. Da rariya zan zo, in na tace na ga batir ko allura ba zan ɗauka ba.